Babi na Biyar: An Ƙirga Birni Kafin Jama'a Su Iso

A ƙarshen watan Nuwamba na 1991 aka taƙaita zirga-zirga a Najeriya, malaman ƙidaya suka bi gida-gida suna rubuta kawuna. Da sakamako ya fito, an ce 'yan ƙasa sun kusa miliyan 89, kuma dubu 371 da 'yan kai daga cikinsu ne ke zaune a Babban Birnin Tarayya. Makonni biyu bayan ƙidayar, ranar 12 ga Disamba, Janar Ibrahim Babangida ya baro Barikin Dodan na Legas ya tare a Abuja. Ma'aikatu suka biyo shi, ofisoshin jakadanci suka biyo ma'aikatu, 'yan kwangila da magina da direbobi da masu shayi suka biyo kowa. Adadin da ke cikin littafin hukumar ƙidaya ya tsufa tun tawada ba ta gama bushewa ba.

Da wannan adadi aka yi aiki a 1996, zamanin Janar Sani Abacha, lokacin da hukumar zaɓe ta wancan lokaci, NECON, ƙarƙashin Cif Sumner Dagogo-Jack, ta shata mazaɓun ƙasar nan. A shekarar ce aka ƙara jihohi shida, ƙananan hukumomi suka kai 774, aka ƙirƙiro Bwari da Kwali, ƙananan hukumomin Abuja suka cika shida. Idan ka raba miliyan 89 gida 360, kowace kujerar Majalisar Wakilai ta tashi a kan mutum kusan dubu 247. A wannan ma'auni kujera ɗaya da rabi Abuja ta cancanta, sai aka cika mata biyu: ɗaya ta haɗa AMAC, wato ƙaramar hukumar ƙwaryar birni, da Bwari, ɗaya ta kwashi Abaji da Gwagwalada da Kuje da Kwali. Gaskiya dai a ranar alfarma aka yi mata. Abin da ya biyo baya shi ne tun daga 1999 an yi manyan zaɓuɓɓuka bakwai, ba a sake ɗora alƙalami a kan wannan taswira ba.

Kado wuri ne mai kyau na ganin abin da hakan ke nufi. Unguwa ce da ke tsakanin tafkin Jabi da Life Camp da Gwarinpa, tana cikin AMAC. Akwai rukunin gidajen Kado Estate, akwai sababbin benaye masu dogayen katangu da waya a kai, akwai kuma tsohon ƙauye da birni ya zo ya iske ya kewaye shi. Mafi yawan mutanen Abuja sun san sunan ne saboda kasuwar kifi. Da hantsi za ka ga tarwaɗa na mutsu-mutsu a manyan robobi, kwalayen kifin ƙanƙara na fitowa daga ɗakunan sanyi a kan baro, samari riƙe da wuƙaƙe a gaban katako suna kankare ɓawo, kowa na kiran mai saye. "Hajiya, zo ki ga mai rai." "Alhaji, a gyara maka ko a haka za ka tafi da shi?" Ka saurara kaɗan za ka ji Hausar Kano da ta Sakkwato, ka ji Nufanci da Ibo da Yarabanci da Gbagyi. Tambayi waɗannan mutane inda suke a Nuwamban 1991. Wasu ba a haife su ba, wasu suna garuruwansu, can aka ƙirga su, can kuma aka bar kujerar da aka yanka da sunansu.

Ranar 25 ga Fabrairun 2023 mai zaɓe a Kado ya tarar da akwati uku a rumfarsa: ɗaya na shugaban ƙasa, ɗaya na sanata, ɗaya na ɗan Majalisar Wakilai. Da ya jefa ukun, ya gama. Ranar 18 ga Maris, da maƙwabtansa na Mararaba a jihar Nasarawa da na Suleja a jihar Neja suka fita zaɓen gwamna da 'yan majalisar jiha, shi yana gida, domin Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar dokoki ta kanta. Sashe na 299 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora aikin yi mata doka a kan Majalisar Tarayya, mulkinta kuma yana hannun shugaban ƙasa, wanda ke naɗa minista. A majalisar da ke yi wa Kado dokar fili da ta haraji da kasafin shekara, mutum uku ne cikin 469 mutanen Abuja suka zaɓa: sanata ɗaya, wakilai biyu.

Ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi, ta ba Babban Birnin Tarayya mutum 1,406,239. AMAC kaɗai tana da 776,298, Bwari 229,274. Wakilin da ke riƙe da Kado yana ɗauke da sama da mutum miliyan ɗaya tun a lokacin, daga Karshi da Orozo a kan iyakar Nasarawa, ya ratsa Garki da Wuse, ya bi ta Kubwa da Dutse har Kawu. Takwaransa na kudancin Abuja yana da dubu 400. A shekarar, rabon kowace kujera a ƙasa baki ɗaya dubu 390 ne. Ke nan ƙuri'ar mutumin Kwali tana kan ma'auni daidai, ta mutumin Kado kuwa ba ta kai rabin nauyinta ba. In ka sauko matakin kansila abin ya fi muni. AMAC tana da gundumomi 12, sauran biyar ɗin kowace tana da 10. Abaji mutum 58,642 aka ƙirga mata. Kansila ɗaya a Abaji yana wakiltar ƙasa da mutum dubu shida, kansila ɗaya a AMAC yana wakiltar kusan dubu 65, ninki goma sha ɗaya. Wannan fa lissafin 2006 ne, kafin Lokogoma da Jahi da Dawaki su cika yadda suke yau.

Rajistar masu zaɓe ta 2023 ta ƙara fito da abin. Abuja tana da mutum 1,570,307 masu rajista. Bayelsa tana da 1,056,862, da wakilai biyar da sanatoci uku. Ekiti ba ta cika miliyan ɗaya ba, tana da wakilai shida da sanatoci uku. Batun sanatoci daban ne, domin da gangan aka daidaita jihohi a Majalisar Dattawa, babba da ƙarama. Majalisar Wakilai kuwa an gina ta ne a kan yawan jama'a, don haka babu uzuri.

Duk wanda ya taɓa shiga watanda ya san ƙa'idar. An haɗa kuɗi an sayi sa, mahauci ya kasa nama kashi-kashi, kowa ya zuba ido kada wani kashi ya fi wani tsoka. Kundin tsarin mulki bai ce wani abu da ya wuce haka ba. Sashe na 49 ya ce kujeru 360 ne, mazaɓu su kasance kusan daidai a yawan jama'a, kuma kada wata ta tsallaka iyakar jiha. Sashe na 71 ya ba hukumar zaɓe wuƙar. Sashe na 72 ya ce kowace mazaɓa ta zama a haɗe, yawan mutanenta kuma ya kusanci rabon ƙasa gwargwadon iko. Har nan babu laifi. Matsalar tana cikin sassa biyu da ke biye. Sashe na 73 ya ce hukumar za ta sake duba rabon a tazarar da ba ta gaza shekara goma ba. Ya hana gaggawa, bai hana jinkiri ba. Shekara talatin ma ba ta gaza goma ba. Sashe na 74 kuma ya ce duk gyaran da hukumar ta yi ba zai fara aiki ba sai majalisun tarayya biyu sun amince, sai kuma wa'adin majalisa mai ci ya ƙare. Tun da an kafe adadin a 360, duk kujerar da Abuja za ta samu daga hannun wata jiha za ta fito, kuma 'yan majalisar wannan jihar suna cikin masu ɗaga hannu.

A Amurka, inda aka fi yin suna da wasa da taswirar zaɓe, cutar ta ɗauki wata kama. A 1812 gwamnan Massachusetts, Elbridge Gerry, ya sa hannu a kan dokar da ta sake shata mazaɓun majalisar dattawan jihar. Ɗaya daga ciki ta miƙe ta lanƙwashe har wata jarida a Boston ta zana ta da fukafukai da farata kamar dodo. Jam'iyyar gwamnan ta samu ƙuri'u ƙasa da na abokan hamayya, amma ta kwashe kujeru 29 cikin 40. Shi kansa Gerry ya faɗi zaɓen gwamna a shekarar, domin kujerar gwamna ba ta da iyakar da za a lanƙwasa.

Dabarar biyu ce tun wancan zamani. Ko ka tattara magoya bayan abokin hamayya ka cusa su a mazaɓa ɗaya, su ci ta da gagarumin rinjaye, ƙuri'unsu da yawa su tafi a banza. Ko ka tarwatsa su, ka yayyafa su a mazaɓu da dama yadda ko'ina za su zo na biyu. Ɗauki gari mai masu zaɓe 500 da kujeru biyar, jam'iyyarka tana da 200, ta hamayya 300. Zuba musu 90 a mazaɓa ta farko, 90 a ta biyu. Sauran 120 ka raba su arba'in-arba'in a ukun da suka rage, inda kai kake da sittin-sittin. Ka ci uku, sun ci biyu. Ba a saci akwati ba, ba a yi aringizo ba, kowace mazaɓa mutum ɗari ce cif.

Yau da kwamfuta ake wannan aiki, titi-titi, gida-gida. A Karolina ta Arewa a 2016, ɗan majalisar jiha David Lewis, wanda ya jagoranci zana taswirar, ya faɗa a bainar jama'a cewa ya tsara ta ne don jam'iyyar Rifablikan ta ci kujeru 10 cikin 13, kuma dalilin da bai sa 11 ba shi ne bai ga yadda za ta yiwu ba. Haka aka yi: da kimanin kashi 53 cikin ɗari na ƙuri'u suka ɗauki goma. Da magana ta kai Kotun Ƙoli, a 2019 alƙalai biyar cikin tara suka ce irin wannan rikici na siyasa ne, kotunan tarayya ba su da hurumi a ciki. A 2025 jihar Teksas ba ta ma jira sabuwar ƙidaya ba, ta sake zana taswirarta da nufin ƙara wa Rifablikan kujeru biyar, Kalifoniya ta rama da nata zanen don amfanin Dimokurat, masu zaɓe suka amince da shi a watan Nuwamba.

Mai karatu a nan zai iya cewa Allah ya raba mu da wannan, tun da a Najeriya gwamna da majalisar jiha ba su da ikon shata mazaɓar tarayya. Da gaskiyarsa. Sai dai Amurkar tana da wani tsohon labari da ya fi kama da namu. Kundin jihar Tennessee ya ce a sake rabon kujerun majalisar jiha duk shekara goma. 'Yan majalisar suka yi a 1901, daga nan suka yi shiru shekara sittin. Jama'a suka kwarara zuwa Memphis da Nashville, kujeru suka zauna a karkara, waɗanda ke kan kujerun kuma ba su ga dalilin tayar da zancen ba. Sai da wani mutumin yankin Memphis, Charles Baker, ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke a 1962 cewa kotu tana da ikon shiga. Bayan shekara biyu ta ce dole mazaɓu su yi daidai a yawan jama'a. Babu wanda ya zana dodo a Tennessee. Ƙin taɓa taswirar ya yi aikin da dodon ya yi a Massachusetts, kuma ya fi shi arha, don ba wanda za a nuna da yatsa. Indiya ma ta daskarar da rabon kujerun jihohinta a kan ƙidayar 1971, amma ita a fili ta yi, da gyaran kundi a 1976, da dalili a rubuce, ta kuma sake sabunta shi da wata muhawarar. Namu babu wanda ya taɓa tsayawa ya kare shi a zauren majalisa. Ana dai wayar gari ana zaɓe.

Ba a ce ba a gwada ba. Hukumar zaɓe ta ɗauko maganar zamanin Farfesa Maurice Iwu, ta sake ɗauko ta zamanin Farfesa Attahiru Jega, duka biyun ba su kai ga sabuwar taswira ba. Abin da ya faru a 2014 ya isa ya nuna dalili. A watan Agusta hukumar Jega ta ce za ta ƙara rumfunan zaɓe 30,027 don rage cunkoso, domin su ma rumfunan tun 1996 suke. Rumfa ba kujera ba ce, ba ta ƙara wa kowa ƙuri'a ko ɗaya, layi kawai take ragewa. Amma da aka ga Arewa ta samu 21,615, Kudu 8,412, aka kuma ga Abuja ita kaɗai an ba ta 1,200 alhali jihohi biyar na Kudu maso Gabas sun tashi da 1,167, sai ƙasa ta ɗau zafi. Dattawan Kudu suka nemi a tsige Jega. A watan Nuwamba hukumar ta janye. Sai a Yunin 2021 magajin Jega, Farfesa Mahmood Yakubu, ya samu hanya, ya mayar da ƙananan wuraren jefa ƙuri'a da aka daɗe ana amfani da su cikakkun rumfuna, adadin ƙasa ya kai 176,846. Na Abuja suka tashi daga 562 zuwa 2,822. Hukumar da ta ninka wa birni rumfuna sau biyar ta san sarai mutane nawa ke cikinsa. In rumfa ta nemi cin kujerar shugaban hukuma, ba sai an gaya wa magajinsa abin da kujerar majalisa za ta jawo ba.

Kada kuma a ɗauka 'yan siyasarmu ba su iya alƙalami ba. Sun iya, wurin da suke sa shi ne daban. Tun 1951 aka nuna wa 'yan NEPU haka a Kano: sun yi rawar gani a matakin farko, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma doka ta ba En'e damar cusa mutanenta a matakin ƙarshe, aka tashi ba su da kujera ko ɗaya a majalisar Kaduna. A zamanin soja kuma zanen ya koma kan ƙananan hukumomi, daga 301 a 1976 zuwa 774 a 1996. Da yake da tubalin ƙananan hukumomi ake gina mazaɓun tarayya, wanda ya samu shiga wajen masu kaki ya samu ƙaramar hukuma, sau da yawa ya samu kujera a kanta. Shi ya sa Tsibirin Legas mai mutum kimanin dubu 210 a ƙidayar 2006 yake da wakilai biyu, Alimosho mai sama da miliyan 1.2 a jiha ɗaya take da guda.

Inda layin ya bi ta kan ƙabila kuwa, jini ya sha zuba. A 1991 gwamnatin Babangida ta raba Jos gida biyu. Hausawan birnin sun ga Jos ta Arewa a matsayin amincewa da zamansu na shekara da shekaru. Birom da Anaguta da Afizere sun ga an yanka ta ne don a mayar da su tsiraru a ƙasar kakanninsu. Naɗa Alhaji Aminu Mato shugaban riƙo a Afrilun 1994 ya tayar da tarzoma, zaɓen ciyaman na Nuwamban 2008 ya ci ɗaruruwan rayuka. A Warri, ɗauke hedikwatar sabuwar ƙaramar hukuma daga Ogbe-Ijoh ta Ijaw zuwa Ogidigben ta Itsekiri a 1997 ya kunna faɗan da ya ɗauki shekaru. A Disamban 2022 Kotun Ƙoli ta umarci hukumar zaɓe ta sake shata gundumomin mazaɓar Warri, da hukumar ta fito da shawararta a Afrilun 2025 sai zanga-zanga ta tashi. Jami'in da ya ce a bar taswira ta kwana ba lalle ne malalaci ba ne. Wataƙila Jos yake tunawa.

Abuja tana da irin wannan jijiya, ko da yake ba a cika taɓa ta da ƙarfi ba. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976, wadda Janar Murtala Muhammad ya kafa birnin da ita, ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya ƙasar gaba ɗaya. An yi maganar wurin kamar babu kowa a cikinsa, alhali akwai Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, akwai Gade da Gwandara da Koro da Bassa da Ganagana da Egbira, da gonakinsu da kushewun iyayensu. An ce za a kwashe su duka a sake musu matsuguni, kuɗi bai kai ba, aka bar mafi yawansu inda suke, birni yana cin gonakin ɗaya bayan ɗaya. Mutumin Katsina da ke Kado yana da jihar da zai koma ya nemi gwamna. Bagbagyin Kado ba shi da ita. Abin da ya rage a hannunsa na siyasa shi ne ciyaman da kansila da kujerun nan uku. Ministan farko daga cikinsu, Zephaniah Jisalo, sai a 2023 aka naɗa shi, shekara biyar bayan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce suna da wannan haƙƙi.

Shekara ashirin kujerar AMAC da Bwari tana hannun 'yan asalin yankin: Philip Aduda daga 2003, Jisalo daga 2011, Micah Jiba daga 2019. Ba don sun fi yawa ba ne. Ƙauyuka suna fita zaɓe, mazauna manyan gidaje kuwa ko su tafi garinsu ko su kwanta barci. A 2023 masu barcin suka tashi. A zaɓen shugaban ƙasa Peter Obi na jam'iyyar Leba ya samu ƙuri'a 281,717 a Abuja, Bola Tinubu 90,902, Atiku Abubakar 74,194. Guguwar ta ɗauke Aduda daga Majalisar Dattawa, inda ya koma bayan ya bar kujerar wakilai, ta kawo Ireti Kingibe ta jam'iyyar Leba, ta ɗauke Jiba ta kawo Joshua Obika. Kujerar kudu ce kaɗai ta tafi APC, hannun Abdulrahman Ajiya. A dare ɗaya 'yan asali suka ga abin da adadi zai iya yi musu.

To, a ce gobe an ba AMAC da Bwari kujeru uku maimakon ɗaya. Mai riƙe da alƙalami yana da gundumomi 22 a gabansa. Zai iya haɗa Gwarinpa da Wuse da Garki da tsakiyar birni wuri ɗaya, ya rufe ma'aikata da 'yan kasuwa da mazauna rukunin gidaje a mazaɓa guda, ya bar Jiwa da Gui da Karshi da Kawu da Igu da Shere su yi nauyi a sauran. Zai kuma iya jan layukan daga tsakiyar birni zuwa baki, kowace mazaɓa ta ɗebi babban yanki na cunkoson Kubwa ko Gwarinpa ko Nyanya, ta haɗa da 'yan ƙauyuka kaɗan da ba za su taɓa rinjaye ba. A zane na farko ɗan asali yana da hanyar zuwa majalisa. A na biyu wataƙila ya yi sallama da ita ke nan. Duka biyun za su cika sharuɗɗan sashe na 72, a haɗe suke, adadi ya daidaita. Kundin bai ce komai ba a kan wanne ya fi adalci, kuma Kado, mai ƙauye da rukunin gidaje a jikin juna, tana daidai inda layin zai bi.

Ni dai ina ganin wannan haɗari dalili ne na a yi zanen a idon jama'a, ba dalilin ƙin yi ba. Tsohuwar taswira ba ta kare 'yan asali a 2023 ba. Kujera ɗaya tilo ita ce mafi sauƙin rasawa gaba ɗaya. Kujeru uku da aka shata da ƙa'ida rubutacciya, bayan an saurari sarakunan Garki da Jiwa da Karu da Karshi da Bwari, an saurari ƙungiyoyin mazauna unguwanni da 'yan kasuwa, sun fi ba kowa wurin sa ƙafa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar kalmar ƙarshe a bakin majalisa. Ɗan majalisa yana da kujera, yana da rabonsa a kuɗin ayyukan mazaɓu da aka daɗe ana ware wa naira biliyan 100 a shekara, ya san kowane mai unguwa da kowane shugaban matasa a yankinsa. Sabon layi zai iya raba shi da duk wannan. Gyaran da ya kamata a fara nema a kundin shi ne a sa wa sashe na 73 wa'adin da ba a wucewa, a kuma mayar da aikin majalisa a sashe na 74 ya zama ba da shawara.

Za a ce wannan faɗan Arewa da Kudu ne, don haka ba zai yiwu ba. Alƙaluman 2006 ba su goyi bayan wannan karatu ba. Kano da Legas, masu kujeru 24 kowace, suna kusa da rabonsu. Sakkwato mai mutum miliyan 3.7 tana da kujeru 11, alhali lissafi ya ba ta tara da rabi. Zamfara, wadda aka cire daga jikinta a 1996, tana da miliyan 3.28 da kujeru bakwai, lissafi ya ba ta sama da takwas. Ogun ta ɗan fi Sakkwato yawa, tana da tara. Abiya da Kuros Riba da Edo kowace tana riƙe da fiye da rabonta, Borno tana ƙasa da nata. Masu riba da masu asara suna kowane ɓangare na kogin Kwara, wani lokaci ma maƙwabta ne masu harshe ɗaya da sarauta ɗaya.

Sai dai duk wannan lissafi a kan ƙidayar 2006 yake tsaye, wadda gwamnatin Legas ta ƙi amincewa da ita tun ranar da aka bayyana ta. An sa sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗage ta ana saura kwanaki. Ko da an yi ta, sai hukumar zaɓe ta zana, sai majalisu biyu sun amince, sai wa'adin masu ci ya ƙare. Majalisa ta goma an rantsar da ita ranar 13 ga Yunin 2023, wa'adinta zai kai tsakiyar 2027. Zaɓen da zai kawo magadanta a kan taswirar NECON za a yi shi, kuma AMAC da Bwari za su sake tura mutum ɗaya.